Yaɓen Soron Agogo

Aikin farko da Dokta Abdu ya ba ni shi ne auna waya. Ya miƙo mini wani baƙin naɗi mai kaurin ƙaramin yatsa, ya ce in gaya masa tsawonsa. Na shimfiɗa shi a tsakar gida, na ɗauko metir, na auna sau biyu, na ce metir goma sha takwas. Ya ce wannan awon tela ne. Shi abin da yake son sani shi ne lokacin da saƙo yake ɗauka daga wancan bakin wayar zuwa wannan. Na yi shekaru ina haɗa wayoyi a gidan rediyo, har nakan karanta sanarwar lokaci idan mai gabatarwa bai iso ba, amma ban taɓa tunanin saƙo yana daɗewa a cikin waya ba. Yana daɗewa. Sana'ar da zan ba ku labarinta a kan wannan daɗewar take zaune.

Ina rubuta wannan ne saboda ku, samarin fadar bakin tasha a Agye, da kuke ɗaga mini salula kuna cewa, "Baba Sa'idu, wai da gaske gadin agogo aka ɗauke ka? Ga lokaci nan kyauta." Lokacin da ke cikin salularku na aro ne. Wasu ne a wata ƙasa suke kiwonsa, su aiko muku, kuma ba ku da hanyar sanin ko daidai suka aiko. An taɓa gwada mu yi kiwon namu. Ni aka sa a wannan gefen.

Ga yadda abin ya faro. Wata cibiyar awo a babban birni ta sami agogo nagari guda ɗaya. Agogo ɗaya ba ya sanin ya yi kuskure, sai an sami na biyu a nesa ana gwama su. Dokta Abdu, wanda ke kula da na birni, ya samo proje, wato shiri mai tallafin kuɗi, na gwaji: a ajiye agogo na biyu a garin da wuta ba ta tsayawa, a riƙe shi da hasken rana, a gwama shi da na birni wata ashirin da huɗu. In ya ci, a gina masa ɗakin kansa, a sa shi cikin jerin agogunan da ake dogara da su. In bai ci ba, a kwashe kaya. Ni na bar rediyo ke nan na zauna a Agye, na san wuta, na san waya, sai ya neme ni.

Zaɓen ɗaki ya ci mana kwana huɗu. Dokta ya bi buro-buro, ofisoshin gari, da ma'aunin zafi a hannu. Duk ginin siminti mai rufin kwanon tol ya ƙi shi, domin da rana tanda ne, da asuba randa, agogon kuwa ba zafi ya fi ƙi ba, sauyi ya ƙi. A ƙarshe muka shiga wani tsohon soron ƙasa a gidan Baba Nomau, dattijon manomi wanda a da yake ajiye gujiya a ciki. Kaurin bangon ya kai kamu biyu. Ma'aunin ya kwana ya wuni bai motsa sosai ba.

Baba Nomau ya ce, "Agogon naku sanyi yake so? Ashe ɗan gata ne. Ku shigo da shi, ɗakin ba ya aikin komi."

Kayan aikin ba su da kwarjini. Agogon akwatin ƙarfe ne da bai kai buhun gishiri ba, ba fuska, ba hannu, sai koriyar fitila da wata 'yar kafa inda yake fitar da bugu ɗaya kowane sakan. Ga na'urar sauraren taurarin ɗan'adam, irin waɗanda ke nuna wa direba hanya. Ga ordinata, wato kwamfuta, ga batir huɗu, ga pano biyu na hasken rana a kan rufi. Sai eriya, kamar ƙaramin kwano kife, wadda muka kafa a kan guntun ƙarfe muka dasa cikin zankon soron na arewa, muka daɓe da siminti. Waya kuwa ita ce mai haɗa eriya da na'ura.

Hanyar gwamawar ba wuya a faɗa. Ku ɗauka mutum biyu ne da damina, ɗaya a Gangara, ɗaya a Cadawa, walƙiya ɗaya ta haska, kowa ya dubi agogonsa ya rubuta. Ranar kasuwa suka haɗu suka gwama. Bambancin abin da suka rubuta shi ne bambancin agogunansu, kuma ba ruwansu da ainihin lokacin da walƙiyar ta tashi. Mu walƙiyarmu tauraro ne. Ni a Agye, Dokta a birni, mu saurari tauraro ɗaya a lokaci ɗaya, minti goma sha uku, kowa ya rubuta tazarar agogonsa da na tauraron. In aka cire wannan daga wancan, kuskuren tauraron ya fita, saura namu.

Wuyar tana cikin ƙanƙantar abin da ake aunawa. Ma'auninmu nanosakan ne, kashi ɗaya cikin miliyar, wato miliyan dubu, na sakan. A cikinsa haske ba ya wuce tsawon takalmin babban mutum. Saboda haka in eriya ta gusa taku ɗaya, awo ya gusa. In aka ƙara wa waya metir ɗaya, an ƙara nanosakan huɗu ko biyar, gwargwadon irin wayar. Na'ura ba ta san wannan ba. Duk jinkirin da ta gani, agogo za ta ɗora wa laifi.

Maganin wannan shi ne akwatin yawo. Wata na'ura ce da aka san jinkirinta sarai, tana zagaya ƙasashe daga ɗakin awo zuwa ɗakin awo, kuma layinta dogo ne. Sau ɗaya ta zo mana, a watan farko. Muka kafa eriyarta kusa da tamu, suka saurari sama tare mako guda. Abin da ya fito lamba ɗaya ce: jinkirin eriyarmu da wayarmu da na'urarmu gaba ɗaya. Dokta ya rubuta ta da hannunsa, ya liƙa a bango.

Ya ce, "Malam Sa'idu, muddin ba a taɓa kayan nan uku ba, lambar nan tana da rai. Ranar da aka taɓa ɗaya, takarda ce kawai."

Wata uku ya yi yana zuwa yana koya mini. Ya hana ni lanƙwasa waya, ya hana ni kwance mahaɗi don in share shi, ya hana ni gyara duk abin da bai lalace ba. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni wuya, domin a rediyo wanda ba ya taɓa kaya shi ne rago.

Aikin kullum kuwa kamar kiwo yake. Da safe in hau tsani in goge pano, in duba ruwan batir, in rubuta zafin ɗaki, in duba abin da na'ura ta tara. Sannan in fita inda rezon salula ya fi ƙarfi in aika wa Dokta. Shi ya haɗa da nasa ya maido mini da zane: layi ɗaya mai gangara a hankali, kamar hanyar amalanke. In layin ya miƙe, mun yi aiki. Ba wanda ke tafa mana. Cikin masu zuwa wurina a gari, ɗaya ne kawai mai naci, ladanin unguwa, wanda duk azumi sai ya zo saita agogon hannunsa. Ranar farko ya leƙa ɗakin ya daɗe yana duban akwatin.

"Ina fuskar?"

"Ba shi da ita, Malam."

"To ƙarfe nawa yanzu?"

Na duba agogon hannuna na gaya masa. Ya fita yana cewa ya ga makahon da ke ja wa masu ido gora. Wannan magana ta zaga unguwa, daga nan ake kirana Mai Makaho.

Yaɓen shekarar farko a gabana aka yi shi. Soron ƙasa duk shekara sai an yaɓe rufinsa kafin ruwa, in ba haka ba ya jiƙa ya rufta. Illo magini ya zo da mutanensa, na hau rufi na tsaya a jikin zankon arewa kamar jandarma. Illo ya nuna mini tsaga a gindinsa.

"Mai Makaho, wanga zanko ya gaji. Siminti da ƙasa ba su zama lahiya. Bari in tuge shi in yi maka sabo."

"Kada ka taɓa shi."

"Don mi?"

"Na proje ne."

Ya yi dariya ya ce proje ba ya hana ruwa zuba, ya cusa ƙasa a tsagar ya wuce. Wannan amsar tawa ita ce kuskurena a sana'ar nan. Da na zauna da shi da Baba Nomau rabin sa'a na ba su labarin walƙiyar Gangara da takalmi, da sun gane, domin mutumin da ke daidaita azara da ido ya san abin da taku ɗaya yake yi wa gini. Ban yi ba. Na ɗauka umarni ya isa. Su kuma abin da suka ji shi ne: kayan ba nawa ba ne, ina tsoron masu shi.

Muguwar shekarar ta zo a wata na ashirin da biyu. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa a gabas da la'asar, Illo ya riga ya kwaɓa ƙasa a ƙofar gida, mun sa ranar yaɓe. Sai aka kira ni daga Gidan Sori, yayana ya rasu. Na duba batir, na duba fitila, na miƙa wa Baba Nomau makulli kamar yadda ake yi wa mai gida, na ce a goge pano kawai, yaɓe ya jira ni. Na yi niyyar kwana uku. Ni ne babba da ya rage, dangi suka riƙe ni har sadakar bakwai.

A ranar ta takwas moto, babur ɗin haya, ya sauke ni a bakin lungu da hantsi. Daga nan na hango soron. Yaɓe sumul, har da zane a goshin ƙofa. Zankaye huɗu sababbi. Eriya tana kan wani dogon bututun famfo, ta ɗara itacen bedi tsawo, tana ƙyalli.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Baba Nomau yana zaune, ga Illo, ga Laminu mai kafa parabol na talabijin, ga maƙwabta. Suka yi mini gaisuwa, aka yi addu'a, aka shafa. Sannan Baba ya gyara zama.

"Ɗana, mun ga hadari, mun ce mutum ba ya dawowa daga makoki ya tarar da aiki na jiransa. Unguwa duka ta hito. Har mata sun ɗebo ruwa."

Haka ake yi a nan. Wanda aka yi wa rasuwa, a nome masa gona, a rufe masa rumbu, kada ya dawo ya ɗauki kwashe ya shiga gona. Kuma ba a tambayarsa, domin tambaya kamar neman ya ce a bari ne.

Illo ya ce, "Zankon naka da hannu ɗaya na ture shi. Da ruwan farko ya tahi da makahonka."

Laminu ya karɓe. "Wayar nan kuma, Malam, rana ta cinye bayanta. Ni kunya ta kama ni, kayan proje da irin wannan waya. Na sa maka sabuwa fil, irin wadda nake sa wa manyan mutane. Na ɗaga eriyar kuma. Kai ma ka sani, eriya sai ta hau take kamawa."

Na ce, "Tsohuwar fa?"

"Ai sai da aka datse ta aka fidda ƙarfen. Sauran an ɗaure tsani da ita."

"Pano fa?"

Illo ya ce, "An sauke su, kada ƙasa ta ɓata su. Kwana uku suna ɗakin Baba, lulluɓe da bargo. Da rufi ya sha iska muka maida."

Na ce bari in ajiye jaka. A cikin ɗakin fitila koriya ce, kamar ba abin da ya faru. Na buɗe ordinata. Batir sun riƙe kwana ɗaya da rabi, sannan komai ya mutu. Da aka maida pano agogon ya tashi da kansa, ya fara bugu daga inda ya ga dama.

Ku lura da wannan, domin a nan sana'ar take. Da waya kaɗai aka sauya agogo yana tafiya, da layin zane ya yi tsalle, mu auna tsallen, mu ce wannan na waya ne, mu gyara lamba. Da agogo kaɗai ya mutu ba a taɓa waya ba, da mun tashe shi mun ci gaba da tsohuwar lamba. Amma biyun sun sauya tare. Duk bambancin da zan gani tsakanina da birni, ba mai iya cewa kaza na agogo ne, kaza na waya. Matsayin eriya ana iya sake gano shi da sauraren kwanaki. Jinkirin waya sai akwatin yawo.

Na fito na koma kan tabarma. Mutum ashirin ne suka bar gonakinsu a lokacin sharar gona suka yi mini wannan. Na yi godiya. Na bi su ɗaya-ɗaya na yi godiya, na ce Allah ya bar zumunci. Laminu ya ce in gwada in gani, yanzu taurarin da zan kama sai sun ninka.

Saƙon da zan aika wa Dokta ya wuni a hannuna. Akwai hanya mai sauƙi. In ce wuta ta ɗauke kwana biyu, in yi shiru a kan waya. Ɗaukewar wuta ta gajeren lokaci sharaɗin proje ya yafe ta. Layi zai ci gaba da miƙewa, sai dai ya kauce da nanosakan talatin ko arba'in, kuma ba wanda zai gani daga birni. Saura wata biyu. Da an gina ɗakin. Na auna wayar Laminu da metir, na yi lissafi, na sami lamba mai kama da gaskiya. Amma wayar ba suna a jikinta, ga mahaɗi biyu da ya naɗe da leda, kuskuren lissafin ya fi abin da aka yarda mana. Da na aika, da an sa agogon Agye cikin jeri, wasu su gwama nasu da shi, ƙaryar ta shiga nasu. Na rubuta abin da ya faru, ban rage ba.

Washegari Dokta ya kira. Ya yi mini gaisuwar rasuwa tukuna. Sannan ya ce, "Ko guntun metir biyu na tsohuwar babu?"

"Akwai guntaye shida, Dokta. Suna jikin tsani."

Ya ce, "Zan nemi akwatin yawo. Ka cire takardar nan daga bango."

Ya nema. Aka ce akwatin yana wata nahiya, sai baɗi. Baɗi aka ce masu proje sun rufe littafinsa, wanda bai cika wata ashirin da huɗu ba ba ya cikin layi. Wata ashirin da biyun da muka tara suna nan daidai, amma sharaɗi bai ce ashirin da biyu ba. Na ci gaba da goge pano ina aika awo wata goma sha huɗu, kowane da alamar cewa ba a auna jinkirinsa ba, wato awon da ba mai amfani da shi. Daga baya aka ɗauke Dokta zuwa wani aiki. Wanda ya gaje shi bai taɓa amsa saƙona ba. Agogon birni ya koma shi kaɗai.

Ban koya wa kowa sana'ar nan ba, domin ba inda zai yi ta. Wanda ya san ta a jihar nan, a iya sanina, ni ne, idona kuma ya fara gajiya da ƙananan lambobi. Abin da zan iya bar muku kaɗan ne. Kayan awo ba a yi musu alheri. Kuma duk wanda hannunsa zai iya kaiwa gare su, ko magini ne ko mai shara, abokin aikinka ne, ka zaunar da shi ka gaya masa dalili.

Ranar da mota ta zo kwasar kaya, ni na kashe agogon da hannuna, na naɗe shi da bargo, muka ɗora shi da na'ura da batir. Direban ya dubi bututun ya ce shi ba zai hau can ba, kuma eriya ba ta cikin takardarsa. Baba Nomau ya fito da sandarsa, a lokacin ƙafa ta fara ba shi wuya, ya tsaya yana kallo.

"Birni za a kai shi?"

"Birni, Baba."

"Ƙarin girma ke nan. Na san za a yi. Halan manyan naku sun ga gyaran da muka yi?"

"Na rubuta musu duka, Baba."

"Har da sunan Illo?"

"Har da na Laminu."

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Ya ce in sun tashi kawo wani, kada su nemi ɗaki a wani wuri, soron yana nan, kuma duk shekara unguwa za ta fito ta yi masa yadda ta yi wa wannan.

Na ce to. Na miƙa masa makulli.